Ƙaramar Kalma a Wutsiyar Jimla

Shekara ashirin da bakwai na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare ta ƙasar Maiyama, kuma ko yaron da ya manta sunana bai manta dokata ba: ba a ƙare jimla da ƙananan kalmomin nan irin su from, to da with. Haka malamina ya koya mini da bulala, kuma kunnena na Bahaushe ya yarda nan take. Wa ka taɓa ji ya ce "ina ka fito daga"? Sai dai "daga ina ka fito". To, na ɗauka Bature ma yana da wannan kunyar. Har yara suka laƙaba mini suna Malam From Where, ni kuwa ina jin daɗi, wai ni gwani.

Akwai wani ɗalibina, ɗan Fulanin da suka zauna a gefen Mungadi. Fillanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci kuma a rediyon babansa ya tsince shi yana kiwo. Uban ya ce masa dama ɗaya ce: in makaranta ta sa sunansa a jarrabawar fita, ya ci gaba, in ba ta sa ba, ga sanda ga shanu. Mu kuma ƙa'idarmu, wanda bai ci arba'in a Turancin gwajin share fage ba, ba a sa shi.

Ya rubuta insha'i a kan wata saniya. The cow I grew up with, haka ya fara, wato saniyar da suka tashi tare. Wallahi rubutun ya yi daɗi, sai da na karanta sau biyu. Amma sau huɗu ya bar ƙaramar kalma tana reto a wutsiyar jimla, ni kuma sau huɗu na zagaye ta da jan biro na zabge maki. Ya tashi da talatin da takwas.

Ya same ni a gindin dalbejiya, ya durƙusa. "Malam, haka nij ji suna hwaɗi a rediyo."

"Rediyo ne malaminka ko ni? Tashi ka ba ni wuri!"

Ya tashi. Ban ƙara ganinsa a aji ba, kuma ban tambaya ba.

Ana saura shekara biyu in yi ritaya aka tura mu bita a Jega. Mai koyarwar wata dattijuwa ce, gashi duk furfura. Tana gaisawa da mu ta tambayi wani, "Who did you come with?" Ni da shisshigi sai na ɗaga hannu, na gyara mata a gaban malamai sun fi hamsin. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Dariya ta yi, ta ce, "Baba, wannan ai ba doka ba ce, camfi ne. Masu harshen haka suke magana tun kakanninsu. In ka koma gida buɗe ƙamusunka."

Na buɗe. Babban ƙamusun nan da nake aza wa yara a ka in sun yi laifi, misalansa cike suke da abin da nake dukan mutane a kai. Shekara da shekaru yana kan teburina! Kaico, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na yi ta cigiyar yaron. Shanun sun ƙare, aka ce, yana dakon albasa a Aliero. Ranar kasuwa na hau mota na je. Na same shi bayan wata babbar mota, buhu a wuya, gemu har ya fara fari. Yana ganina ya sauke buhun ya durƙusa, kamar dai wancan karon.

Na ce, "Ɗana, tashi. Gafara na zo nema. Takardar nan taka daidai take, ni ne ban sani ba. Ka ci jarrabawar nan."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa. "Haba Malam, wane ni? Kai dai tausayi gare ka. Ni tun rannan nis san ban da kan boko."

Na rantse masa, na faɗa masa zancen dattijuwar da na ƙamus. Yana ta "to, Malam, to", idonsa na kan motar da ake lodi. Sai na tambayi iyali.

Ya ce ɗiya huɗu, babbar ta kai shekara sha uku.

"Aji nawa take?"

"A'a, Malam, ban sa su ba, ko guda. Mi za su yo can? Jinina ne hwa. Kai da kanka ka auna kan ubansu."

Direba ya buga masa tsawa. Ya ce in gafarce shi, ya sunkuya aka aza masa buhun.