Motar da Ba Ta Sallama

Yayana mai gwajin jini ne a asibiti. Shekara ashirin da biyu yana zaune a ɗaki ɗaya mai taga guda da firiji biyu, yana ɗiga jinin mutane a kan gilashi yana leƙawa ta na'ura. Abokan aikinsa sun ce bai taɓa fitar da sakamako ba sai ya maimaita gwajin, ko da layin masu jira ya kai bakin ɗakin magani. A asibiti wannan hali abin yabo ne, har takarda suka ba shi ya rataye a bango. A gida kuwa mu muke ɗanɗana kuɗarmu. Tun muna yara, in aka aike shi sayen sabulu sai ya shinshina na shago uku. Neman aurensa shekara huɗu ya ci, har uwar yarinyar ta aiko a tambaya ko jininta yake aunawa. Sai-na-duba muke kiransa, kuma yana amsawa, ko kunya babu.

To, wannan bawan Allah ne ya tashi zai sayi jif.

Dalilin ba na ƙawa ba ne. Babanmu direban bas ne na dogon zango, shekara talatin da biyar yana riƙe da sitiyari kafin ciwon ido ya cinye ganinsa. Ƙanwa ɗaya ta rage masa a duniya, Gwaggo, tana zaune wurin 'yarta, tafiyar awa uku daga gidanmu. Ƙarshen hanyar kwalta ta mutu, sai ramuka da duwatsu da wani kwazazzabo da ruwa ya ci. Zuwanmu na ƙarshe da ƙaramar motar Yaya, dutse ya fasa mata ciki, baƙin mai ya tsiyaye, janyo ta aka yi. Sannan Gwaggo ta kamu da ciwon mantuwa. Tafiya na rikita ta, ba a fita da ita ko'ina, waya ma tsoronta take ji. 'Yarta, taubashiyata, kan kira ni duk mako. Da farko makulli Gwaggo ke nema alhali yana hannunta. Daga baya sunayen jikoki suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki faɗa wa Kawu ya zo tun tana gane mutane," in ji ta. "Kullum sai ta tambayi Yaya Direba."

Na ce a ɗauki shatar mota mai tsayi, a je a dawo. Baba ya ce shi da ba ya gani ba zai ba da ransa ga direban da bai san hannunsa ba. Mutum ɗaya ya yarda ya tuƙa shi, wanda ya koya wa tuƙi da kansa, wato Sai-na-duba. Na ce to a ari motar wani, Yaya ya tuƙa. Yaya ya ce ba ya hawa da uba makaho a motar da bai san tarihin burkinta ba. Na dubi uban, na dubi ɗan, na ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wata na farko Yaya ya zo mana da labarin haibirid. Ya tara mu a falo ya yi bayani kamar mai lacca: mota ce mai inji na fetur da kuma batir, in ana tafiya a hankali batir ke ja, in an taka ko an zo hawa injin ya karɓa, in an taka burki batir ya sha caji. Matarsa ta ce, "Au, 'yar ruwa biyu ce ke nan." Sunan ya bi ta. Ni har daɗi na ji, na ce kafin wata ya ƙare muna gaban Gwaggo.

Ina! Ya buɗe fayil. Fayil na gaske, mai bango kore irin na ofis. Ya auna faɗin ƙofar gareji da tef, ya ga sararin da zai rage taƙi ɗaya ne kawai, ya kira magini aka rushe ginshiƙi aka faɗaɗa. Ya je wurin makanikai huɗu yana tambayar shekarun da batir ke yi, kowa ya faɗi nasa, sai ya nemi na biyar ya raba gardama. Ya kalli bidiyon masu gwada motoci har 'ya'yansa suka haddace muryoyinsu. Ya sayi rigar rufe mota, ya ninke ya ajiye a garejin da babu motar. Da ya tsai da shawara a kan wata fara, sai ya ji wai sabon samfuri na nan tafe mai tsayin ƙasa da ya ɗara na wannan da yatsa biyu. Ya ce a jira.

"Yatsa biyu, Yaya?"

"Ke ba ki san duwatsun hanyar nan ba. Gaggawa aikin shaiɗan ce."

"Sannu ma ba ta hana zuwa, an ce, sai dai a daɗe ba a je ba. To mu mun daɗe!"

Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Baba yana nan a kujerarsa ta baranda, rediyo a cinya, yana sauraron titi.

Ranar da taubashiyata ta ce Gwaggo ta tambaye ta ko ita sabuwar 'yar aiki ce, ban tsaya cin abinci ba. Na wuce asibiti, na tura ƙofar ɗakin gwaji ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Yana jera kwalabe a cikin wani abu mai juyi. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, har da na sabulun yarinta. Ya bar ni na gama, ya cire safar hannu, ya zauna.

"Kin san abin da Baba zai ce in na kawo ta? Zai ce a tada ta ya ji."

Gaskiya ya faɗa kuwa. Duk motar da aka saya a danginmu da layinmu, sai an kawo ta ƙofar gida Baba ya saurara. Ya karkata kai, ya ce a taka, a saki, sannan ya ce filogi ɗaya ya mutu, ko bel ya saki, ko kuma a saya. Tun da idonsa ya tafi, abin da ya rage ake zuwa nema a wurinsa ke nan.

"Ita wannan in tana tsaye ba ta da murya," in ji Yaya. "Na je na saurara sau shida. Zan tsai da shi a gaban mutane ya kasa kunne, ya ji babu komai?"

Tausayi ya kama ni, amma na daƙiƙa kaɗan ne. "To ka sayi mai ƙara mana! Duniya cike take da jif masu ruri!"

"Ai na duba. Wannan ta fi su."

Wallahi da ba a asibiti muke ba, da na kurma ihu. Na fito, na ɗauki lambar shagon motocin daga bangon koren fayil ɗin nan, na kira da kaina na ce a kawo farar gwaji ranar Asabar da safe.

Dillalin shagon ya zo cikin farar riga, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Yaya ne ya tuƙo daga shagon, fuska a murtuke. Motar ta sulalo har gaban baranda, taku biyar daga kujerar Baba, shi kuwa yana ta murɗa rediyo. Sai da aka rufe ƙofa ya zabura.

"Wane ne?"

"Mu ne, Baba. Motar ce aka kawo."

"Turo ta kuka yi?"

"A'a, Baba."

"Wace irin mota ce za ta shigo wa mutum gida ba sallama?"

Na kama hannunsa na kai shi. Ya shafa fitila, ya shafa taya, ya auna tsayinta da gwiwarsa, ya ɗora tafinsa a kan bonet. "Tada ta."

Yaya ya dube ni kamar ya cinye ni. "A kunne take, Baba."

Baba ya karkata kai yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Maƙwabta biyu da suka fito kallo suka sunkuyar da kai. Dillalin ya buɗe baki zai fara bayanin batir, na harare shi ya haɗiye. A ƙarshe Baba ya janye hannunsa ya goge a rigarsa, ya ce a sa shi a gaba.

Muka fita layi shiru kamar masu rakiyar gawa, ni da dillali a baya. Da muka hau babban titi muka zo gadar sama, Yaya ya taka, sai injin ya farka da wani gurnani mai laushi. Baba ya ɗaga yatsa.

"Yauwa! Ashe tana da baki, kunya ce da ita. Ƙara takawa. Saki. Silinda huɗu, kuma lafiyarsu ƙalau." Ya gyara zama. "Miƙe."

"Alhaji, gwajin minti ashirin ne," in ji dillali. "A shataletalen gaba za mu juya."

"Yaro, jif a kwalta ake gwada ta? Miƙe, na ce. Akwai wani kwazazzabo da nake so ta gaisa da shi."

Shataletalen ya matso. Ba fayil, ba makanike na shida. Yaya ya wuce shi ya miƙe, ya ce wa dillali, "Kira maigidanka ka ce an saya."

Awa uku dillalin nan yana waya yana rantsuwa ba sace shi aka yi ba. Baba kuwa yana kiran kowace kwana kafin mu iso ta. Motar ta tsallake kwazazzabon ko gezau, ba ta nemi ƙarin yatsa biyu ba.

Mun sami Gwaggo a tsakar gida kan tabarma, ta rame, tana ninke wani ɗankwali tana warwarewa. Baba ya yi sallama da muryarsa ta tasha, ya kira ta da sunan da yake kiranta tun suna yara. Ta dube shi da ladabi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Sai idonta ya wuce shi ya sauka a kan Yaya, wanda ke tsaye da makulli a hannu, da faɗin kafaɗa da furfurar gefen kunne irin na Baba shekara talatin baya. Fuskarta ta washe.

"Yaya Direba! Sai yau? Ina ta jira, ina ta jira. Wane ne wannan tsohon da ka ɗauko?"

Yaya ya juyo ya dubi Baba. Ni kuwa haushin wata goma sha huɗu ya taso mini, ya zama kuka. Baba ya laluba ya sami hannun ɗansa, ya tura shi gaba.

"Amsa mata," ya ce a hankali. "Ka zauna kusa da ita ka yi ta magana. Ni zan saurara daga nan."