Funkason Suna a Tudun Wada

A Ƙofa, inda aka haife ni, ba a wanke ƙwaryar funkaso. Idan an kwashe ƙullu, sai a bar ɗan abin da ya manne a jikinta, a rufe da faifai, a rataye a ragaya. Wannan ragowar ita ke tayar da ƙullun gaba. A shekarun nan da aka fara maganar mulkin kai, yis bai iso ƙauyukanmu ba. Da na yi aure, mahaifiyata ta ɗebi ƙullunta ta shafe cikin wata tsohuwar ƙwarya, ta ba ni. Bayanta baƙi ne, cikinta duk ɓamɓaroki. Duk wanda bai sani ba zai ce ƙazanta ce.

Maigidana tela ne. Da ya ga ɗinki ya fi tafiya a kasuwar Tudun Wada, sai muka ɗaura kaya a kan jakuna muka koma can, bayan an yanke alkama. Wani dattijon malami ya ba mu ɗaki a gidansa. Matarsa, wadda nake kira Inna, mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda.

Al'adar unguwar ita ce baƙuwa ba ta taɓa kayanta ranar da ta sauka. Matan maƙwabta ne ke kwancewa, su wanke, su jera mata. Aka kai mini ruwa na yi wanka, aka zaunar da ni a ɗaki da fura. Da la'asar na fito, sai na ga ƙwaryata a kife a kan turmi, fara tas.

"Kin gan ta ko, 'yar Ƙofa?" in ji Inna. "Yashi ya kasa, toka ta kasa, sai da na sa wuƙa. Halan gaggawar tafiya ce ta hana ki wanke ta."

Na ɗaga ta na shinshina. Babu komai sai ƙanshin toka. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ashe tun kafin in iso maigidana ya cika zaure da labarin funkasona. Ba a jima ba 'yar Inna, wadda ta zo haihuwar fari a gida, ta sauka lafiya. Da mata suka zauna rabon aikin suna, Inna ta turo mini ƙwaryar alkama, ta fadamarsu, wadda ta ɓoye musamman saboda wannan rana.

"Funkaso naki ne. Mun ji labari, yanzu sai mu gani da baki."

Na san abin da wannan ke nufi. Mace baƙuwa, da abin da hannunta ya yi a bikin farko ake sanin ta. Idan ya yi kyau, duk wata hidima ta unguwa da ita za a yi. Idan ya lalace, ba wanda zai faɗa mata baƙar magana, amma daga ranar aikinta ɗauraye kwanuka ne. Ga shi kuma alkamar ba ta da ta biyu.

Na fara gwaji da 'yar alkamar da na zo da ita. Na niƙa, na kwaɓa, na rufe. Da safe ƙullun yana nan kwance yadda na bar shi. Na ƙara masa lokaci, sai ya yi wari bai tashi ba. Wata Bafulatana da ke kawo nono daga wajen Falgore ta ce in zuba mai tsami sosai. Na zuba. Da na soya, ya yi ɗanɗano, amma ya fito da nauyi, tsakiyarsa danƙare.

Maigidana ya ɗaga guda yana juya shi. "Wannan ci ake yi, ko murfin tulu kika yi mana?"

"Kai ka jawo, Malam. Wa ya aike ka talla a zaure?"

"To ki gaya wa Inna gaskiya mana."

"In ce mata me? Alherin da ta yi mini ne ya kashe mini aiki?"

Ya ce zai je Ƙofa ya karɓo wani ƙullun wajen mahaifiyata. Na duba nisa, na duba zafin bazara da tarin ɗinkin sunan da ke gabansa, na ce ya bari.

Suna ya matso. Da hantsi ina marmasa wa kaji abin da na soya, sai ga Inna a kaina.

"Kajin gidan nan sun ga Sallah. Me ke faruwa ne, 'yar nan?"

Na durƙusa, ido a ƙasa, na yi mata bayanin ƙwaryar daga farko har ƙarshe. Ta yi salati, ta rufe baki da hannu. Can sai dariya ta ƙwace mata, har ta zauna a bakin rijiya tana share hawaye.

"Wato gadon uwarki na kankare da wuƙa? Kuma kika dube ni kika ce Allah ya saka mini da alheri! Kai, mutanen Ƙofa, kunyarku za ta kashe ku. Mu nan a tukunya muke barin tsaminmu, ban taɓa ganin an bar shi a ƙwarya ba. Tashi, ɗauko ƙoƙuna."

Gidajen unguwar a haɗe suke ta baya, akwai 'yar kafa a jikin kowace danga da mata ke bi ba sai sun fita titi ba. Haka muka riƙa ratsawa. Duk gidan da muka shiga, kafin a gama gaisuwa Inna ta fara ba da labarin kanta, har da kwaikwayon yadda ta riƙe wuƙar. Mata na dariya, suna ɗebo mini ragowar ƙullunsu: wata na wainar shinkafa, wata na masar dawa, wata gasarar koko.

Gidan ƙarshe na wata tsohuwa ne mai wainar gero, wadda kowa ke kira Kaka. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙoƙunan hannuna ta ce, "Kada ki kuskura ki haɗa su. Kowanne ki ba shi alkama daban, ki ga wanda ya karɓa." Ta lakato nata da yatsa biyu kawai. "Wannan ya ishe ki, in kin iya."

Na jera su a inuwar rumbu, kowanne da ɗan garin alkama da ruwa mai ɗumi. Zuwa yamma na koko bai motsa ba. Na shinkafa ya yi ƙwayoyin kumfa kaɗan, na dawa ya yi tsami da yawa. Na Kaka kuwa ya cika ƙoƙon, yana ƙamshi irin na sabuwar fura. Shi na ƙara wa gari ya ƙara ƙarfi, sannan na yi bismilla na kwaɓa alkamar Inna duka.

Ranar suna da sassafe na tarar ƙullun ya ɗaga faifai. Na zuba ruwan kanwa kaɗan da albasa, na buga shi har ya fara ja. Man gyaɗa ya yi zafi a kasko. Na jiƙa hannu, na yanko, na huda tsakiya da babban yatsa, na sake shi. Ya nitse, ya taso, ya kumbura. Na ɓare na farko: cikinsa ramuka ne kamar saƙar zuma. Ya fi na mahaifiyata tsami kaɗan, kuma akwai ƙanshin gero can ƙasa. Ba irin na Ƙofa ba ne. Amma yana da kyau.

Aka kai wa maza nasu a zaure da miyar taushe, aka zuba wa mai jego nata da zuma. Kwanukan suka dawo a suɗe. Ban tashi daga gaban murhu ba sai wajen azahar, lokacin da Kaka ta shigo tana dogara sanda. Ta ɗauki guda, ta matsa shi a tafin hannu, ta saki ta ga ya dawo. Ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata.

"Gishiri bai ji ba," ta ce.

"To, Kaka."

"Bayan ƙaramar Sallah za a kai garar jikata Doguwa. Ni da ke za mu yi funkason. Ki zo da wuri, ba na son jira."

Na ce to. Ta sa a ɗaure mata biyu a ganye, ta fita.