Hannun Tafireta a Kan Kibod

Shekarar da shugaban ƙasa na soja ya rasu ba zato, damina tana farawa, ita ce shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Jalingo. Guda ɗaya tak, aka ajiye ta a ɗakin masu buga takardu, aka rufe ta da mayafin tebur kamar abincin baƙo.

Mu biyu ne a ɗakin. Ni, da wata mata Bajukuna 'yar Wukari da kowa ke ce wa Madam. Ta girme ni, ta kuma riga ni shiga aiki tun kafin a yanke mana jiha. Sunanta ya fita ne a kan ƙarfin yatsa. Sai ta jera takarda biyar da kabon a tsakani, ta buga, kwafi na biyar ya fito ana karanta shi ba tare da an matse ido ba. Idan tana aiki, daga bakin baranda ake jin tafiretarta.

Ni kuwa hannuna bai taɓa gamsar da tafireta ba. Na taso a unguwar Sintali a gaban mahaifina, da allo da tawada, na iya ajami kafin in san boko. Alƙalamin kara ba ya son dannawa. Ka danne shi bakinsa ya tsage, tawada ta malale. Sai ka bar shi ya taɓa takarda ya wuce. Wannan sanyin hannun na kawo ofis, shi ya sa kwafina na uku ma da ƙyar yake fita, Madam tana yi mini tsiya wai ina shafa haruffa kamar mai lallashin jariri.

Ranar da mai haɗa na'urar ya zo, da sassafe ya iso, don yana son komawa Yola a ranar. Ni kaɗai ya samu, saboda daga masallacin asuba ba na daɗewa a gida. Ya zaro kibod daga kwali, sai na ga abu siriri, fari, mara nauyi, kaurinsa bai kai na littafin rajista ba. Madannansa a kwance suke dab da juna, ba hawa-hawa kamar na tafireta ba. A ƙasansa akwai 'yan ƙafafu biyu da ake buɗewa ya ɗan ɗaga baya. Na ɗora yatsa, kafin in ji na danna harafi ya riga ya fito. Mutumin ya gaya mini abu biyu. Ya ce taɓawa ake yi, ba bugawa ba, in yatsa ya daɗe a kan harafi zai yi ta maimaita kansa. Ya ce kuma kada in jira ƙarshen layi, na'urar da kanta take sauka. Ya ce in gaya wa abokiyar aikina.

Ban gaya mata ba. Na san Oga, shugaban sashenmu, ya ce zai gwada mu, wanda ya fi shi zai riƙe kwamfuta, ɗayan kuma a mayar da shi ɗakin fayil. Ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi, na kuma yi ta gaya wa kaina cewa shiru ba laifi ba ne.

Da aka zo gwaji, Madam ta zauna, ta gyara zama, ta ɗaga hannu sama yadda ta saba, ta sauke. Kibod ɗin ya yi tsalle a kan tebur. Harafi ɗaya ya fito sau bakwai. Ta ci gaba, tana kasa kunne tana jiran ƙararrawar ƙarshen layi, ba ta ji ba, sai hannunta na hagu ya tashi da kansa neman sandar mayar da layi, ya mari iska. Wasu da suka leƙo ta taga suka yi dariya. Ni na zauna na buga wasiƙar a hankali, babu kuskure. Washegari aka kai teburinta ɗakin fayil.

Gaskiya na ji daɗin kibod ɗin. Wuyan hannuna ya daina ciwo, ƙarar da yake yi ba ta fi ta yayyafi a kan ganye ba, ina aiki ina jin kiran sallar azahar daga nesa. Amma daɗin bai zauna mini ba. Kullum sai na wuce ta ƙofar ɗakin fayil in gan ta tana ɗaure takardu da zare, ta gaishe ni da fara'a, har ta ce Allah ya ba ni hannun da ya dace da zamani. Wannan yabon ya fi zagi ciwo. Na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai mai shi ya yafe.

Bayan wata biyu, wata Asabar da hantsi, na hau keke na tafi gidan Madam a Nukkai. Na same ta tana shanya masara a tsakar gida. Ta ba ni tabarma da ruwa. Na gaya mata komai, yadda mutumin ya ba ni saƙo, yadda na riƙe.

Ta daɗe tana juya masara da tafin hannu. Sannan ta ce, "Malam, kai da carbi kullum a hannu?"

Na ce, "Ni ɗin, Madam."

Ta ce ba ta son kuka, ba ta son rantsuwa. Abin da na gaya mata a tsakar gida, in je in gaya wa Oga a ofis, da bakina. Kafin nan kuma in ba ta saƙon da aka ba ni, duka.

Haka muka yi. Mako uku, duk lokacin hutun rana, tana zaune gaban kibod ina tsaye. Na ce ta ajiye gindin tafinta a kan tebur kada ya tashi, don daga sama ƙarfin yake zuwa. Muka naɗe 'yan ƙafafun nan, ta ce a kwance ya fi mata. Kwana huɗu hannun hagun yana tashi, tana kama shi da na dama tana yi masa faɗa. Da ya haƙura, sai na ga abin da shekara ashirin ta bari a yatsun nan. Ba ta duban madannai ko sau ɗaya. Ni kuwa har lokacin ina leƙe.

Na shiga wurin Oga na faɗi abin da na yi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Ya sake gwada mu a ranar. Ta gama wasiƙar ina tsakiyar sakin layi na biyu.

Da yamma na kwashe kayana zan koma ɗakin fayil. Ta riga ta zauna a kujerar tana rage mata tsawo. Na tsaya a bakin ƙofa na tambaye ta ko da sauran haƙƙinta a kaina.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Babu saura, Malam, na yafe. Zaren ɗaure fayil yana cikin durowa ta biyu. Ja mini ƙofa."