Mai Fiton da Ba Ya Duban Fuska

Shekara talatin mai fito yana haye da mutane kogin nan, bai taɓa duban fuskar fasinja ba. Haka ubansa ya koya masa, ido a kan ruwa kawai.

Da yaƙin Turawa ya tsananta, sojojinsu suka taso ƙeyar samari goma, ɗaure da igiya ɗaya, suka ce ya haye da su. Ya tuƙa, jirgin ko tangaɗi bai yi ba, har Baturen ya yaba masa.

A tsallake, na ƙarshensu ya waiwayo.

"Baba, ka gaida Inna."

Filafili ya suɓuce daga hannunsa. Autansa ne, wanda ya baro a gona da safe. Shi da hannunsa ya kai musu shi, lafiya lau!