Birkin da Na Cire

Ni makanikin moto ne, wato babur, a Malanville, kusa da babbar kasuwa. Mahaifina mutum ne mai amana, kuma saboda sunansa mutane suke barin mini motonsu su tafi cin kasuwa hankali kwance.

Da satar esansi, wato man fetur, na fara. In an bar moto, in zuƙe kaɗan daga tanki. Ba wanda ya gane. Daga nan na koma cire sabon kaya in sa tsoho, in sayar da sabon.

Wata ranar kasuwa wani manomin albasa daga Madécali ya kawo motonsa. Na ga birkinsa sabo fil, na musanya shi da wanda ya cinye. Har godiya ya yi mini, ya ce Allah ya sa albarka. Ya ɗauki matarsa suka kama hanyar gida. Wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya a gabansu, ya taka birki, birki ya ƙi. Shi ya karye a ƙafa, ita ko asibiti ba ta kai ba, ta bar 'ya'ya huɗu.

Jandarma suka samu birkinsa a shagona. A gaban shari'a dangin matar suka ce kisan kai na yi. Alƙali ya ce a'a, kisan kai sai da niyyar kashewa. Ni ban nufi ran kowa ba, don haka laifina jawo mutuwa ta hanyar sakaci ne, haɗe da cin amana. Ya yanke mini shekara biyu a gidan kaso.

Abokaina suka riƙa yi mini barka, wai na tsallake rijiya. Har yau in na tuna barkar nan raina ɓaci yake. Barka da me? Ranar shari'ar, mijin ya dogara sanda ya tsaya gabana ya ce, "Ɗan'uwa, ba ka yi niyyar kashe ta ba, na yarda. Amma birkin, da niyya ka cire shi."

Na fito, na tuba, na je Madécali neman gafara. Mijin ya amsa sallamata, ya juya ya shige gida.

Samari, kada wani ya ruɗe ku da cewa "ai ba da gangan ba ne." Wannan magana tana rage shekarun kaso, amma ba ta mayar wa 'ya'ya huɗu da uwarsu. Abin da aka ba ku amana, ku mayar da shi yadda yake.