Ƙawata ta ce Alhamdulillah, aka hana ta aiki

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, na yi aiki a wani gidan burodi a unguwar Kokomlemle. Aikina ɗaure burodi a leda. Mai gidan dattijuwa ce, amma ɗanta ke riƙe da wurin. Ɗan unguwar Nima ne kamar mu, bayan layinmu aka yanke masa cibiya. Sai ya je wani kwas na manajoji, ya dawo da allo da alƙalami mai wari.

Ya zana mana wata dala mai hawa-hawa. A ƙasa ci da sha da wurin kwana, a tsakiya kwanciyar hankali da mutunci, can sama cikar buri. Ya ce daga yau ba zai ɗauki kowa aiki ba sai ya san a wane hawa yake. Ni sarkin rawar kai har da tafa masa. Allah ya yafe mini tafin nan.

Da aka buɗe gurbi ɗaya, na kawo ƙawata. Babanta direban trotro ne, motar haya, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ce babba a gidan. Na san akwai ranakun da ba a ɗora tukunya a ɗakinsu, amma ko maƙwabtan da suke tsakar gida ɗaya ba su sani ba. Ta zo da hijabi a goge kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ina gefe ina ɗaure burodi, kunnena na wurinsu.

Bai tambaye ta ko ta iya aikin ba. Ya ce, "Sista, a gida ana ci sau uku?"

Ta ce, "Alhamdulillah."

"Akwai abin da kuka rasa? Faɗa mini gaskiya."

"Alhamdulillah, Massa. Asirinmu a rufe yake."

Ya gyaɗa kai, ya ce za a neme ta. Washegari ya ɗauki wani da ya zauna ya zayyana masa duk masifar gidansu har da hawaye. Ban ga laifin mutumin ba, shi ma nema yake.

Na bi Manaja har ofis, hannuna duk gari. Na ce, "Massa, kai fa ɗan Zongo ne. Yaushe ka taɓa jin ɗiyar mutane ta zauna gaban baƙo ta ce babu abinci a gidan ubanta? Ko tsohuwarka za ta faɗa?"

Ya yi dariya. "Chale, 'yar'uwa, ba ki gane ba. Wannan ta ƙoshi, mutunci take nema. Gobe in na ɗaga mata murya sai ta tafi. Na ƙasan dala ba ya tafiya. Duk abin da ka ce, yoo zai ce, ba musu."

Nan na tuna ranar da ni ya ɗauke ni, da bakina na gaya masa mahaifina ya rasu, ƙannena suna wuyana. Ashe shi ya sa kullum ni ce mai zuwa aiki ranar Sallah. Ni ce mai wanke tire in kowa ya tafi. Ni a zatona yarda ce. Ashe igiya na miƙa masa, ya ɗaure ni da ita.

Na ce, "To ba ma'aikaci kake nema ba, wanda ba shi da mafita kake nema." Ya ce in ƙawar tawa na da matsala, ta dawo ta faɗa, zai duba.

Na hau mota zuwa Maamobi, gidan ƙawata, ina huci. Na ce mata ta zo mu koma, ko ta bar ni in faɗa masa da kaina. Ta kalle ni ta ce, "Ke, in kika buɗe bakin nan naki, ni da ke har abada. Babana yana kwance, ba zan kai shi kasuwa ba."

Aikin ya wuce ta. Ta sha wuya kafin wata Hajiya mai tuwo a Kawukudi ta ɗauke ta. Na raka ta ranar, na shirya faɗa. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, ta zuba tuwo da miyar ayoyo ta ce, "Ɗiyata, ɗanɗana mini, bakina ya mutu yau." Sai da ta ga ƙasan kwano, sannan ta nuna mata wurin wanke-wanke. Ni kuwa ban kai ƙarshen watan a gidan burodi ba.

Har yau ban ce zanen dalar nan ƙarya ba ne. Mutum na da buƙatu, wa ya musa? Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda zai koyi gane yunwar mutum don ya san inda zai riƙe shi. Hajiya ma ta ga yunwar, ba wanda ya gaya mata. Ita sai ta ce bakinta ne ya mutu.