Ciyawar da Muka Danne da Buhun Shinkafa

Kafin a haƙa magudanan ruwa a yankinmu na Bunkure, ciyawa dukiya ce. Da ita muke rufin ɗaki, da ita muke saƙa zana. Yanzu ko'ina shinkafa ce da tumatir, ciyawa kuwa sai feshi. Wata guda ta tsira, siririya mai jan kai, a kan wani ɗan dutse da ke bayan garinmu. Na ga mai kama da ita a tsaunukan Habasha da Kamaru lokacin da nake fatauci, amma tamu ta fi gajarta.

Wata shekara da kaka, 'yar ƙanena da ke koyar da ilimin tsirrai a jami'a ta bugo mini waya. An sayar da dutsen ga masu fasa tsakuwa, kuma babu wannan ciyawa a ɗakin da suke adana busassun tsirrai. Tana so a samo mata kafin injuna su cinye wurin. Na taɓa shiga irin wannan ɗaki a Habasha, na ga ganyen da ya girmi kakana kwance a takarda. A ce ciyawar garinmu ma ta shiga irin wannan ɗaki! Murna ta hana ni zama.

Gwiwata ba ta son hawa, sai na aiki mahaifinta, ban kuwa yi masa bayani ba. Shi gwanin rufin ɗaki ne. Ya yanko da lauje, ya kakkaɓe kawunan, ya taje ta tas, ya ɗaure dami guda.

Da ta iso ta ga damin, sai ta dafe kai.

"Baba, ina saiwar? Ina furen?"

"Na gyara miki. Wa zai kai wa malama ciyawa da ƙasa a gindi?"

"Ai da ƙasar nake so!"

Ya juyo gare ni. "Yaya, ka ji 'yarka. Duk karatun nan, ta dawo neman datti."

Na ce, "Duka ka yanke?"

Ya sosa ƙeya. Duka ya yanke.

Na ɗauki sandata muka hau, mu uku, muna jin ƙarar injin a ɗaya gefen. Ko'ina an aske. Sai can sama, a wani tsagi da lauje ba ya shiga, na hango jajayen kawuna uku suna kaɗawa. Na yi kabbara da ƙarfi har ƙanena ya zabura. Ta durƙusa, ta tono su da wuƙa a hankali, har saiwa.

A gida ta shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu, mahaifinta ya ɗora buhun shinkafa a kai yana gunaguni. Kullum da safe sai mun sauya jaridar don kada ta yi fumfuna, kuma shi ne ke riga ni zuwa.

Dutsen ya zama tsakuwa. Ciyawar ba ta fitowa a garinmu kuma, amma tana jami'a, manne a takarda, da sunan garinmu a ƙarƙashinta.